Kunkurun Ruwa Ya Ji Ciwo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jinyarsa a Gida

Tun da unguwa ta san ina kiwon kunkurun ruwa, duk wanda nasa ya faɗo daga bene, ko kare ya tattauna shi, ni ake yi wa sallama. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba likitan dabbobi ba ne. Mai kiwo ne da ya yi jinya, ya tafka kuskure, ya kuma sha zaman benci a asibitin dabbobi. A abin da na gani da idona, garajen zuba magani ya fi raunin kansa yi wa kunkuru illa.

Ƙoƙon bayansa ya tsage. Yana jin zafi kuwa, ko kamar ƙwarya ce ta fashe?

Yana ji ƙwarai. Mutane suna ɗaukar ƙoƙon kamar ɗaki ne da kunkuru ya shiga ya zauna. Ba haka ba ne. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka baje suka haɗe, ƙasusuwa sama da 50, sannan wani ɓawo irin na farce ya lulluɓe su. Akwai jini a ciki, akwai jijiyoyi, ko susa ka yi masa a baya ya san an taɓa shi. Don haka tsagewar ƙoƙo karaya ce, irin wadda a jikin mutum za a ce ƙashi ya ɓullo waje.

Abin da yake ruɗin mutane shi ne shirunsa. Ba ya kuka, ba ya shure-shure. Sai dai ya janye kai, ya runtse ido, ya ƙi abinci, ko mai sanyin hali ya koma cizo.

Yanzun nan abin ya faru. Da me zan fara?

Fitar da shi daga ruwa tukuna. Shimfiɗa tawul mai tsabta a cikin baho ko kwali, ka ɗora shi a kan cikinsa yadda ya saba zama. Kada ka kifar da shi ta baya don ka leƙa ƙasansa ka bar shi a haka, domin huhunsa a sama yake, dab da rufin ƙoƙo, in ya kwanta rigingine kayan ciki sai su danne huhun.

In jini yana zuba, danna wurin da bandeji ko tsumma mai tsabta na minti biyar zuwa goma, ba tare da ɗagawa kana leƙawa ba. Auduga tana barin zare a cikin ciwo, gara bandeji. Guntun ƙoƙon da yake reto amma bai rabu da nama ba, kada ka fizge shi, mai yiwuwa yana da rai kuma zai kama. Daga nan ka rufe bahon da gidan sauro, ka kai shi ɗaki mai ɗumi da duhu inda yara da kyanwa ba sa shiga. Wannan gidan sauron, in ka tambaye ni, ya fi rabin magungunan da ke kemis amfani.

Da me ake wanke ciwon?

Da ruwan gishiri. Ko ka sayi ledar ƙarin ruwa mai gishiri zalla a kemis, ba mai suga ba, ko ka tafasa ruwa lita 1 ka zuba gishiri giram 9, wato kamar cokalin shayi ɗaya da rabi, ka bari ya huce. Zuƙo shi da sirinji marar allura ka riƙa fesawa a hankali har ƙasa da yashi su fita. Bayan haka sai aidin irin Betadine, a sirka shi da ruwa har ya koma launin shayin da bai ji ganye ba. A kula, akwai wani aidin mai sifirit a ciki, wanda yake sa yaro tsalle in an ɗiga masa. Ba shi ake nufi ba. In wurin ya bushe, a shafa man ƙuna mai sinadarin azurfa, irin Dermazin, shafawa sama-sama.

Amma kafin ka fesa komai, duba zurfin ciwon. In ka hango wata fata siririya tana motsi sama da ƙasa daidai da numfashinsa, ko kumfa tana fitowa daga tsagar, ramin ya kai ciki. Kada ka zuba ruwa, huhu za ka cika masa. Rufe da bandejin da aka jiƙa da ruwan gishiri aka matse, ku kama hanyar asibiti.

Abubuwan da ba za su taɓa shi ba: sifirit, Dettol, Izal, kananzir, baƙin mai, toka, garin batir, da fiya-fiya. Na san wasunsu ana zuba wa jaki da rago a ƙauye. Kunkurun da bai kai kilo ɗaya ba jikinsa ba zai ɗauka ba.

Ba sai in liƙe tsagar da sufa gulu ko Araldite ba?

Nan ne na yi nawa kuskuren, bari in ba ka labari. Ƙyauren get ne ya matse wata tawa a gefen baya, tsagar kamar tsawon ɗan yatsa. Na wanke sama-sama, na matse bakin biyu, na bi da sufa gulu, na zauna ina yaba wa kaina. Kwana goma tana ci tana iyo. Ranar sha ɗaya na ɗauke ta sai wani wari ya buge ni, kamar kifin da ya kwana a leda. Da likita ya ɓamɓare gam ɗin, abin da ke ƙasa mugunya ce fara mai tauri kamar cuku, haka mugunyar kunkuru take, ba ta gudana balle ta fita da kanta. Ƙashin bakin tsagar ya mutu, sai da aka kankare shi. Ciwon da zai haɗe a wata biyu ya ci kusan shekara. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Gam yana kulle datti da ƙwayoyin cuta a ciki, in kuma ya gangara tsakanin ƙashi da ƙashi sai ya hana su haɗuwa. Likitoci su ma suna amfani da gam mai ƙarfi, amma ba a cikin tsaga ba. Sai ciwon ya tsabtata tukuna, sannan su liƙa 'yan maƙalai a gefe da gefe, su ɗaure da waya ta ja bakin biyu su haɗu, tsagar tana buɗe ana ganin ta ana wankewa. Abin da za ka iya a gida shi ne ka ɗora bandeji, ka riƙe guntayen da filasta kada su riƙa motsi kafin a ga likita.

Kunkurun ruwa ne, amma ana cewa in raba shi da ruwa. Ba zai mutu ba?

Ba zai mutu ba, iska yake shaƙa kamar ni da kai. Irin namu na kududdufi, mai lanƙwasa wuya gefe in zai ɓoye kai, in rani ya yi binne kansa yake a laka ya yi watanni har ruwan sama ya sauka. Ruwan da yake zaune a ciki kuwa nan yake ci nan yake kashi, ka ga ba wurin ciwo ba ne.

Sai dai akwai sharaɗi: ba ya iya haɗiye abinci sai a cikin ruwa, a nan kuma yake sha. Don haka sau ɗaya ko sau biyu a rana, sa shi a ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi na minti 30 zuwa awa ɗaya. In ciwon a baya yake, ruwan ya tsaya ƙasa da ciwon, ya dai isa ya tsoma kai. In a ƙoƙon ciki ne dole ya jiƙe, to a taƙaita lokacin, a wanke ciwon bayan an fito da shi, a bari ya sha iska, sannan a shafa magani. Kullum sabon ruwa. In na famfo ne, a bari ya kwana a buɗe. Wanda raminsa ya kai ciki kuma ba ya shiga ruwa sai likita ya ce.

Tawa kififfiya ce, mai laushin baya. Haka zan yi mata?

A'a. Kififfiya ba ta da wannan ɓawo mai tauri, fata ce a kan ƙashinta, kuma tana bushewa da wuri. A ajiye ta a kan jiƙaƙƙen tawul, a fitar da ita na ɗan lokaci don magani ya kama, sauran lokacin tana cikin ruwa marar zurfi mai tsabta ƙal, ana canjawa sau biyu a rana. Ƙaramin ƙarzane a jikinta kan zama gyambo cikin kwanaki. Ka kuma yi hankali da yatsunka, wuyanta ya fi yadda kake zato tsawo.

Na ga tsutsa a ciwon. In yi masa allurar da muke yi wa tumaki?

Tsaya! In allurar nan ce da aka rubuta Ivermectin a jikin kwalbarta, wadda kowane mai kiwo yake da ita don tsutsar ciki da kaska, to ga kunkuru guba ce. Tana shiga ƙwaƙwalwarsa, ta shanye masa jiki, ƙafafu su saki, numfashi ya tsaya. Ba allura, ba shafawa, ba fesawa. Ko a asibiti ne, in ka ga an ɗauko ta, ka buɗe baki ka yi magana cikin ladabi, domin hannun da ya saba da shanu da awaki yana iya kaiwa gare ta bisa sabo.

Tsutsa da hannu ake cire ta. Ƙuda yana yin ƙwai, kafin kwana ɗaya sun ƙyanƙyashe, kuma suna son lungun da ƙafa take shiga ƙoƙo. Samo matsefata, fitilar waya, da gwangwanin madara da ɗan ruwa a ciki. Wani ya riƙe kunkurun, ya ja ƙafar a hankali lungun ya buɗe. Da haske ya faɗa musu za ka ga sun nutse ciki, fararen gindinsu kaɗai ke motsi. Fesa ruwan gishiri ka jira, su da kansu za su ɗago neman iska, sai ka riƙa tsamowa ɗaya-ɗaya. Kada ka matse ta ta fashe a ciki. Gobe da jibi ka sake dubawa, kusan kullum akwai wadda ta ɓuya.

Zafi ko sanyi yana da ruwa da warkewa?

Shi ne ma kan gaba. Jikin kunkuru ba ya yin ɗumin kansa, na wurin da yake zaune yake ɗauka. In ya yi sanyi, narkar da abinci, yaƙi da cuta, haɗewar ƙashi, har aikin maganin da aka yi masa, duk tafiyar hawainiya suke yi. A nemi digiri 26 zuwa 29, da ɗan ma'aunin zafi a cikin bahon, ba a ƙiyasta da hannu.

Da hunturu, daren Kano ko Zariya ya yi masa sanyi da yawa, balle Jos. A rataya ƙwan fitila irin na da, mai jan haske, a gefe ɗaya na bahon, ɗaya gefen a bar shi ya samu wurin gudu. Fararen ƙwayayen zamani ba sa ba da ɗumi. In an ɗauke wuta, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma ta wadatar. Da bazara kuma matsalar juyawa take: bahon roba a tsakar gida da azahar tukunya ce. Hantsin safe na minti 20 zuwa 30 yana da amfani ga ƙashinsa, amma da inuwa a gefe, da gidan sauro, kai ma kana wurin. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aikin.

Ya kwana biyar bai ci komai ba.

Ga babban kunkuru mai ƙiba wannan ba abin tashin hankali ba ne, yana iya makonni. Duba ɗumin wurin tukuna, sannan ka bar tsaya masa a ka lokacin cin abinci. Abin da yake motsi ya fi jan hankalinsa: tana, gyare, fara, ƙananan kifi da ƙashinsu, dodon koɗi. A guji farar gonar da aka yi wa feshi. Tsokar nama zalla ba ta gina ƙashi, shi kuwa ƙashi yake ginawa yanzu, don haka a barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Kada a buɗe bakinsa da ƙarfi a ɗura, zai shaƙe. Ɗan ƙarami in ya kai mako, ko babba in ya wuce mako biyu zuwa uku yana ramewa, likita.

Wane ciwo ne ya fi ƙarfin gida, kuma ina zan kai shi?

Tsagar da ta ratsa tsakiyar baya, domin nan lakarsa take. Ƙafafun baya da suka daina motsi. Jini ta hanci ko ta baki. Ramin da ya kai ciki. Cizon kare, komai ƙanƙantar hudar, saboda haƙori yana tura ƙazanta can ciki. Wari, ko ƙoƙon da ya yi laushi. Jan launi yana bazuwa a ƙoƙon ciki da fatar ƙafafu, alamar cuta ta shiga jini. Sai kuma numfashi baki buɗe, majina mai kumfa, ko iyo a karkace gefe ɗaya ya fi nutsewa.

Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, a Vom kusa da Jos kuma akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa. Likitocin gidan zoo, irin na Kano, sun fi kowa sabawa da dabbobi masu jan ciki. Ka ce a auna nauyinsa kafin a rubuta magani, a kuma ɗauki hoton ƙashi. Hoton yakan nuna ƙwai, domin da yawa daga cikin waɗanda mota take takawa da damina mata ne da suka fito neman wurin haƙa. A kwali da jiƙaƙƙen tawul ake kai shi, ba a bokitin ruwa yana ta tambal-tambal a bayan babur ba.

In ba shi Panadol, ko in buɗe kafso in barbaɗa?

Kada ka yi. Akwai maganin rage zafi da na kashe ƙwayoyin cuta da ake ba kunkuru, amma da awo gwargwadon nauyinsa. Jikinsa yana jinkirin fitar da magani, har wata allurar sai bayan kwana uku ake maimaita ta. Lissafin safe, rana da dare irin namu zai iya lalata masa ƙoda.

A wurin masunta na saye shi, ga zare yana leƙowa daga bakinsa.

Ƙugiya ce a ciki. Kada ka ja. Kada kuma ka yanke zaren dab da baki, bar kamar taƙi ɗaya, ka liƙe shi a bayan ƙoƙo da filasta don kada ya haɗiye sauran. Likita zai bi zaren ya kai ga ƙugiyar.

Ɓera ya gwaguye masa ƙafa da dare. Za ta sake tsirowa?

Ba za ta tsiro ba, ba wutsiyar ƙadangare ba ce. Amma dungun yana warkewa, kuma mai ƙafa uku yana iyo yana cin abincinsa. A rage masa zurfin ruwa, a sa masa matakala mai sauƙin hawa. Darasin dai shi ne kunkurun da aka fitar daga ruwa ba shi da mafaka, don haka bahon jinya ya kwana da murfin waya mai nauyi, a ɗora shi a kan tebur saboda cinnaka.

An ce in huda gefen ƙoƙon in ɗaura igiya kada ya ɓace.

Ƙashi mai rai za ka huda, ba da allurar kashe zafi ba. In an riga an huda, a kwance igiyar, a yi jinyar hudar kamar kowane ciwo.

Wani abu baƙi-baƙi ya fito ta ƙarƙashin wutsiyarsa.

In namiji ne, sau da yawa gabansa ne, yana fitowa ya koma cikin 'yan mintuna, ba komai. In ya wuce awa bai koma ba, ko abin ja ne kamar hanji, kada a bari ya bushe, kada a tura da yatsa. A ware shi daga 'yan uwansa don suna cizon wurin, a lulluɓe da bandejin da aka jiƙa da ruwan suga mai kauri, yana rage kumburi, a kai shi asibiti ran nan.

Yarana ne suke son yi masa jinyar. Akwai haɗari?

Akwai, Hajiya, ko lafiyayye ne. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar Salmonella ba tare da ta dame shi ba, mu kuwa gudawa da zazzaɓi take sa mu. Saboda yaran da suka riƙa kamuwa ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba tun 1975. 'Yan ƙasa da shekara biyar su kalla daga nesa. Manyan su wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kuma bahonsa da sosonsa kada su kusanci wurin wanke-wanke ko bakin rijiya.

Na tarar da shi a ƙasan ruwa ba ya motsi. Ya mutu ke nan?

Kada ka yi saurin haƙa rami. Mai rauni yana nutsewa a ruwan da a da yake wasa a ciki, amma kunkuru yana jure rashin iska fiye da tunani. Riƙe shi kansa yana kallon ƙasa ruwa ya tsiyaye, sannan ka ajiye shi a kan cikinsa, ka riƙa miƙar da ƙafafun gaba kana mayarwa a hankali. Taɓa gefen idonsa ko ka ɗan matsa yatsan ƙafa ka ga ko zai motsa. Bar shi a wuri mai ɗumi har kwana ɗaya kafin ka yanke hukunci. In ya farfaɗo ma sai an duba shi, ciwon huhu yakan biyo baya.

Yaushe zai warke, kuma in ya warke in sake shi?

Fata tana haɗewa a makonni. Ƙashi yakan fara kamawa a wata biyu zuwa uku, cikakkiyar warkewa kuwa wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. Tabon ba ya ɓacewa. Zai koma ruwa gaba ɗaya in ciwon ya rufe da nama mai tauri, ba laima, ba wari, kuma a fara da ruwa marar zurfi.

Batun saki, duba gefen kansa. In akwai jan zane bayan ido, baƙo ne, asalinsa yankin kogin Misisifi a Amurka, masu sayar da kifin ado ne suke kawo shi. Wannan ba a sakin sa ko'ina. Ya addabi na gida a ƙasashe da dama, har Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997. In ka gaji, nemi wanda zai karɓa. Na gida kuwa, wanda aka tsinto a titi ko aka karɓo daga masunta, in ya warke sarai yana iyo daidai yana kama abinci da kansa, a mayar da shi tafkin da ya fi kusa da inda aka same shi, bayan ruwa ya sauka, da sassafe, a gefen da ba titi. Ajiye shi a bakin ruwa ka ja da baya, shi zai shiga da ƙafarsa.